Tarin da Ya Shiga Faifai

Na riga na rataye gogena.
Shekara tara yana barci bayan ƙofa
tare da tsohon sirdi da igiyar kamun maraƙi.
Yatsu sun sandare, kunnen hagu ya yi murabus,
sai ga Marlys Tackett a bakin shinge
cikin akori-kurar babanta mai fitila ɗaya.
Ta ce, Kawu Orval, faifai zan yi.

Na ce, ke 'yar nan,
ke da ke auna dusar shanu a kantin Dewey
kina rubuta baiti a bayan rasit?
Ta ce, su ɗin. Waƙa goma sha ɗaya.
Ba ta kuka da jita ba, irin wadda kowa ke kaiwa Nashville.
Kiɗan lilo nake so, na Yamma, na kakanni,
wanda kuka buga a zaurukan Oklahoma
har katakon daɓe ya koyi numfashi.

Ai kiɗan nan ya rasu, na ce.
Ta ce, to zo mu yi masa wanka,
mu ga ko ba zai yi atishawa ba.

Tulsa, ran Talata, ana yayyafi.
Ɗakin ɗaukar sauti da can shagon wanki ne,
bangon bai daina ƙanshin sabulu ba.
Mu bakwai. Goge biyu, ni da wani yaro Eliseo
wanda takalmina ya girme shi.
Hollis ya kwantar da jitar ƙarfe a cinya,
yana jan ta tana kuka kamar ƙyauren garke cikin iska.
Mai piyano ya ajiye gahawa inda aka hana.
Kwana uku ta biya, ba ƙari,
kuɗin maruƙa huɗu da ta sayar da kaka.

Muryarta ba zuma ba ce, akwai tsakuwa a ciki.
Ta rera rijiyar mai da ta ƙafe, gari ya bi ta.
Ta rera uwarta, mai goge rigar rawa duk Asabar
ba ta zuwa ko'ina.
Har wani kare mai ƙafa uku ya samu baiti.
Baƙin ciki ne zalla, ta aza shi kan taki mai tsalle
yadda muka gada:
ƙafa na dariya, ƙirji na dako.

A waƙa ta bakwai aka sakar mini fili.
Na ɗora izga kan tsirkiya,
hannu ya tuna abin da kai ya manta.
Na hau, na ƙara hawa,
na hango Bernadine cikin rigarta ruwan ƙwai
tana juyi a Pawhuska, shekara hamsin baya,
ba ta san asibiti ba tukuna.
Sai tari ya sarƙe ni.
Tarin tsoho, mai kwazazzabo,
daidai bakin makirfo.

Na ce a sake.
Marlys ta zare abin kunne, ta dube ni.
Ba za a sake ba, in ji ta.
Hollis ya yi dariya har ya goce daga layi,
shi ma aka bar masa kayansa.

Jiya faifan ya iso ta gidan waya.
Ga ta a gaba, malafa ta ɗan karkace.
Sunana a baya, ƙanana, an ci harafi ɗaya.
Na sa shi a kicin, na tsallake shida.
Ga gogen, ga hawan, ga tarin,
ganga kuma ta cafe shi
kamar da shi aka tsara tun farko.

Ban san ko za a saya ba.
An ce rediyon Enid ya sa ta biyu da asussuba,
lokacin da masu tatsar madara kaɗai ke farke.
Ni dai na ture kujera gefe,
na kama tsintsiya a ƙugu,
muka zaga tebur sau biyu da rabi
kafin gwiwa ta ce ya isa haka.

Gogen na kan gado, ban mayar da shi bayan ƙofa ba.
Ta bugo waya ɗazu.
Asabar muna da wasa, ƙarfe takwas,
ta ce in sa farar riga,
in kuma zo da tarin.